Abin da mutum ke faɗa da abin da yake zaton yana faɗa

'Yan'uwa masu koyon nazarin harshe, ga inda aikina ya kwana. Na ɗan jingine littattafai na koma tattara magana daga bakin masu ita, don in ga yadda hanyoyin binciken suke idan an sa hannu.

Na fara da tambaya kai tsaye. Na ɗauki jerin kalmomi 100 na masanin harshe Morris Swadesh, irin su ruwa, wuta, ido da hannu, waɗanda ya zaɓa saboda kusan kowane harshe yana da su, kuma ba kasafai ake aro su ba. Wani abokina ya amince in naɗi muryarsa. Ya faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kowane wasali a cike, kowace gaɓa a sarari. Da muka gama sai muka shiga hira, na'urar tana ci gaba da ɗauka da saninsa. A cikin hirar nan waɗansu kalmomin jerin suka sake fitowa, amma da wata kama: wasula sun gajarce, gaɓoɓi sun haɗe. Na tambaye shi ko haka yake faɗar wata kalma, ya ce faufau, bai taɓa faɗarta haka ba. Sai da na kunna masa muryarsa ya yarda. Kuma ba ƙarya ya yi ba da farko, iyakar abin da ya sani game da bakinsa ya faɗa.

Wannan matsalar ce masanin harshe William Labov ya yi fama da ita: muna son mu ji yadda mutane ke magana idan ba a lura da su, amma ba mu da hanyar ji sai mun lura da su. Dabarar da ya yi a 1962 ta burge ni ƙwarai. Ya shiga manyan kantuna uku a birnin New York, wato Saks da Macy's da S. Klein, yana tambayar ma'aikata inda ake sayar da wani kaya da ya riga ya san yana hawa na huɗu. Amsar a Turanci ita ce "fourth floor", kalmomi biyu masu ɗauke da sautin r da yake farauta. Sai ya yi kamar bai ji ba, a maimaita masa da nutsuwa. Ka ga ya sami furucin gaggawa da na natsuwa daga baki ɗaya. Ya matsa gefe ya rubuta abin da ya ji. Mutum 264 ya tambaya, ya kuma tarar an fi furta r a Saks, kantin masu hali, an fi barin ta a Klein mai araha.

Yanzu mafi yawan lokacina yana tafiya ne wajen rubuta abin da na naɗa. Ina amfani da manhajar ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen, wadda ke ba ka damar ɗaura kowane rubutu a daidai daƙiƙar da aka faɗe shi. Aiki ne mai cin rai, hirar minti ɗaya tana iya cinye maka sa'a guda, amma a nan kunne yake gogewa. Don awo kuma sai Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam. Da ita nake auna tsawon wasali. Shawarata a nan: kada ku kwatanta wasalin ƙarshen jimla da na tsakiya, domin mutum yakan ja sauti idan zai tsaya. Ku sa kalmomin da kuke gwadawa cikin jimla iri ɗaya, a gurbi ɗaya.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a yi watsi da tambaya kai tsaye ba. Naɗaɗɗiyar hira tana nuna maka abin da aka faɗa, ba ta nuna abin da ba ya faɗuwa. Ko rumbun Brown, wato tarin rubuce-rubuce don nazarin harshe, da Henry Kučera da Nelson Francis suka haɗa daga rubuce-rubucen Turancin Amurka na 1961, kalmomi kusan miliyan ɗaya ne, amma rashin ganin wata jimla a cikinsa bai nuna kuskure ce ba. Dole sai ka koma wurin mai harshen ka ce masa, "Ana faɗar wannan?" A furuci na fi amincewa da na'ura, a ginin jimla kuwa ba na rabuwa da hukuncin mai magana.

Abin da zan gwada nan gaba shi ne dabarar masaniyar harshe Jean Berko ta 1958. Ta nuna wa yara zanen wata halitta mai ƙagaggen suna "wug", sannan ta nuna musu guda biyu ta ce su faɗi yadda ake kiransu. Yaran suka kawo jam'i daidai ga kalmar da ba su taɓa ji ba, alamar cewa doka suke bi, ba hadda ba. Na fara ƙaga kalmomina. Wahalar ita ce kalmar ta dace da tsarin sautin harshen, amma kada ta yi kama da wata sananniya har mai amsa ya kwaikwayi jam'inta. Wanda ya taɓa haɗa irin wannan jerin a cikinku, ya taimaka mini da yadda ya tace nasa.