Wasiƙa daga Jamus: ganyen da ake bari a gindin bishiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, sanyi ya ƙage yatsu.

Kun sha tambaya me ya sa a dazukan nan ake barin ganye da ruɓaɓɓen kututture a ƙasa, ba shara ba ƙonawa. Kun kuma ce in taɓo batun tsuntsaye da jemagu. Bari mu fara da ƙasa.

Daga Oktoba zuwa Nuwamba ganye yakan zube har ya lulluɓe hanya. Ƙananan ƙwari da tana su gutsuttsura shi, ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su ruɓar da shi, sinadarin da bishiya ta zuƙo ya koma mata. Naman kazan da ke fitowa a gindinta kuwa, kansa kawai ake gani. Jikinsa zare ne siriri, bai kai kaurin gashi ba, ya nannaɗe ƙananan saiwoyi ya bazu cikin ƙasa. Shi ke jawo ruwa da sinadarin fosfaras daga inda saiwa ba ta kaiwa, ita kuma bishiya ta biya shi da sukarin da ganyenta ya haɗa. Akasarin tsirran duniya a kan wannan cinikin suke. Saiwoyin da ke cin abinci ma ba su da nisa, yawancinsu suna cikin santimita 30 na sama. Wanda ya tara shara a gindi ya cinna wuta, su ya gasa. Ba a ganin ɓarnar nan take, sai daga baya rassan sama su fara bushewa a ce ciwo ne.

Gyaran ba wuya. A baza ganye kaurin santimita 5 zuwa 10 har iyakar inuwar rassa, amma a bar tazarar taƙi guda daga jikin bishiyar, don danshi yana ruɓar da ɓawo. In dashe za a yi, kada a kakkaɓe ƙasar da ta zo da saiwa.

Gawo kuwa nasa salon daban ne. Ƙwayoyin halittar da ke saiwarsa suna kama naitirojin, sinadarin da ke zama taki ga shuka, daga iska, sannan ya zubar da ganye da damina, daidai lokacin da shukar da ke ƙarƙashinsa ke neman rana.

Jemagu: furen kuka da dare yake buɗewa, su ne ke yi masa barbara. Batun tsuntsaye sai wasiƙa ta gaba, in sanyi ya sassauta.