Gahawa Mai Ƙanƙara Daga Injin Kafso

Da zarar watan Maris ya kama, rana ta fara gasa kwanon rufi a Kaduna, tambayoyin da ke shigo mini shago sukan canja. Lokacin hunturu kowa kafso mai ƙarfi yake nema, wato ɗan ƙunshin garin gahawar da ake sa wa inji ya tace, ya sha da zafinsa bayan sallar asuba. Amma daga Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, magana ɗaya ce a bakin Alhazai da Hajiyoyi da samarin ofis: "Malam, yaya ake haɗa gahawa mai sanyi irin ta manyan otal da injin nan da ke gida? Mun gwada, ruwa-ruwa take fitowa."

Ƙaramin shago ne gare ni a Unguwar Rimi. Ina sayar da injunan gahawa masu cin kafso, ina sayar da kafson, ina kuma gyara injin idan ya samu matsala. Gyaran ne asalin sana'ata, kuma shi ya sa nake iya gaya wa mutum abin da ke faruwa a cikin injinsa ba tare da na buɗe shi ba.

Ga dalilin ruwa-ruwan nan. Kafso ɗaya na Nespresso, irin ƙananan nan na asali, garin gahawar da ke cikinsa bai wuce giram 5 zuwa 6 ba. Injin yana da maɓalli biyu: ƙaramin kofi yana zuba mililita 40, babban yana zuba 110. Gahawar tana fitowa da zafin da ya kai kusan digiri 80, kuma ruwa mai wannan zafi sai ya narkar da ƙanƙara mai kusan nauyinsa kafin ya yi sanyi sosai. To ka lissafa da kanka. Wanda ya danna babban maɓalli a kan ƙanƙara, 110 ɗin nan ta koma wajen 220, duk daga giram biyar na gari, sannan ya kawo madara ya ƙara. Ina ɗanɗano zai fito? Injin bai yi laifi ba, kafson ma bai yi ba.

Abin da nake yi, kuma nake koya wa duk wanda ya sayi inji a hannuna, shi ne kafso biyu a ƙaramin maɓalli. Ka samu mililita 80 mai kauri daga giram 11 ko kusa da haka, wadda za ta iya ɗaukar ruwan ƙanƙara da madara ba tare da ta mutu ba. Masu tsumulmula sukan ce kafso biyu a kofi ɗaya ɓarna ce. Ni a wurina ɓarnar ita ce ka kashe kafso ɗaya ka haɗa abin da za ka kurɓa sau biyu ka ture. Wasu kuma sai su danna maɓalli sau biyu a kan kafso ɗaya wai su tatse shi. Abin da ke fita a zubi na biyu ɗaci ne kawai, daɗin ya riga ya tafi a na farko.

Sukari a cikin gahawar ake sa shi tana da zafi, kafin ta ga ƙanƙara, domin a ruwan sanyi kwanciya yake yi a ƙasan tambulan. Na fi son in dafa sukari da ruwa daidai wa daida, kofi ɗaya da kofi ɗaya, in bar shi ya huce in zuba a kwalba in sa a firji. A watan azumi kuwa dabino nake jiƙawa in markaɗa in tace. Cokali ɗaya na ruwan dabinon nan a cikin gahawa mai duhun suya, da ɗan garin kirfa a kai, bayan an sha ruwa an yi magariba, na ga dattawan da suka ce ba sa shan gahawa sun miƙo tambulan a ƙara musu.

Sai ƙanƙara, wadda ita ce rabin aikin amma ba mai kula da ita. Ƙanƙarar leda da ake saye a bakin hanya ta sanyaya lemon biki ce, ba ka san ruwan da aka daskarar ba. Ta gida ma, idan ta kwana a firiza ɗaya da kifi da naman layya, duk warin nan sai ya tashi da zarar gahawa mai zafi ta sauka a kanta. Ka samu mazubin ƙanƙara mai murfi, ka zuba ruwan da kake sha, ka zaɓi mai manyan gida domin babban dunƙule ya fi jinkirin narkewa. Ka cika tambulan da ita har baki. Mutane suna tsoron yawan ƙanƙara, alhali ƙwaya biyu ko uku su ne ke narkewa nan take su bar ka da abu mai ɗumi-ɗumi. Idan kuma an ɗauke wuta tun dare, ƙanƙarar ta fara jiƙewa tana sheƙi, ka tsame ta ka zubar da ruwan da ya taru kafin ka yi amfani da ita. Wanda ke son ya ƙure daɗi, ya zuba ragowar gahawa a mazubin ya daskarar, sai ya zama ko ta narke gahawa ce ke ƙaruwa.

Tambulan mai siririn gilashi yana iya tsagewa idan zafi da sanyi suka haɗu masa lokaci guda. Shi ya sa nake fara tarar gahawar a ƙaramin kofin tangaran, in juya sukari, sannan in kwarara a kan ƙanƙara. Madara ita ce ta ƙarshe. Madarar gwangwani irin Peak tana yi sosai, cokali biyu ko uku sun isa. Idan ta gari ce, a dama ta da ruwan ɗumi tun da wuri a sa a firji, kada a barbaɗa ta a kan sanyi ta yi gudaji. Akwai kuma wadda nake yi wa baƙi na musamman, yadda mutanen Italiya ke yi: gahawa da ruwan sukari da ƙanƙara a cikin kwalba mai murfi, a girgiza da ƙarfi har hannu ya ji sanyi, a tace a tambulan. Kumfar da ke hawa kai ba madara a cikinta ko ɗigo, amma sai ka rantse an sa.

Duk wannan bayani yana tsayawa ne a kan kafso mai kyau, kuma nan ne raina ke ɓaci. Kasuwa ta cika da kafson roba marar suna, wani an goge ranar lalacewarsa an buga sabuwa, wani an zuba shi a kwalin da ya yi kama da na asali har launi. Ba ina cewa duk kafson da ba na kamfanin injin ba ne jabu. Akwai kamfanoni masu mutunci da ke yin wanda ya dace da injin Nespresso, ina ma sayar da wasu. Amma na banzan nan, robarsa tana da taurin da alluran injin ba sa iya hudawa da kyau, bakinsa ba ya zama daidai, sai ruwa ya bi gefe ya taru a tiren ƙasa, abin da ya shiga kofi kuma ya fito fari-fari ba kumfa. Famfon injin da aka ƙera ya tura ruwa da matsin da ya kai bar 19 a ma'aunin matsi yana ta gurnani a banza. Na asali da goran ruwa ake yinsa, a rufe shi ruf yadda iska ba ta shiga, shi ya sa ƙamshin ke nan har ranar da za a huda. Wani dila a Legas ya taɓa aiko mini da katan-katan yana rantsuwa sabon shigowa ne. Na huda guda na shinshina, ƙamshin tsohon kwali kawai na ji. Na mayar masa da kayansa gaba ɗaya, kuɗin mota a kaina, kuma tun ranar ban sake ɗaga wayarsa ba.

Sai mutum ya shigo ya ɗauki kwali ya juya ya ce, "Haba Malam, a Kasuwar Gumi na ga irinsa rabin wannan kuɗi." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, ka ga mai kama da shi dai." Ba na jayayya. Ina da inji a kan kanta kullum a kunne, sai in ce ya kawo nasa mu zuba, in zuba nawa, mu ajiye su gefe da gefe. Ba na ƙara magana bayan nan. Wasu duk da haka sukan tafi su sayi mai arha, bayan 'yan watanni su dawo da inji yana yoyo, a lokacin kuɗin gyara ya ninka abin da suka rage.

Wannan hanci da nake taƙama da shi a teburin mahaifina na samo shi. Mai shayi ne a Kawo, kusa da tasha, kuma tun ina firamare ni ke wanke kofuna kafin in tafi makaranta. Shi ya koya mini cewa ruwa ne uban abin sha. Idan aka kawo masa jarkar da ruwanta ya canja ɗanɗano, ko direbobi sun yi layi sai ya mayar a sake ɗebowa. Nescafé na gwangwani yake haɗa musu, amma yadda yake ɗaga kofi sama yana sheƙa shi cikin wani har ya yi kumfa, har yau ban ga wanda ya kai shi ba. Gyaran kayan wuta kuma a Kasuwar Barci na koya, wurin wani maigida mai zafin hannu da ba ya yarda ka taɓa sukurudireba sai ka fara saurara ka gaya masa abin da ka ji. Dutsen guga, butar lantarki, injin markaɗe, duk mun sha su. Ranar da wata Hajiya ta kawo injin kafso da ɗanta ya aiko mata daga Turai, duk layin ba wanda ya san ta inda ake buɗe shi. Maigida ya tura mini ya ce in zauna da shi har ya yi magana. Na kwance shi ƙusa bayan ƙusa ina jera su a faranti, na ga ɗan famfo, na ga dunƙulen ƙarfen da ke dafa ruwa yana wucewa, na ga siraran bututun sun toshe da farin dutse. Da na wanke na mayar, gahawar farko ta zubo da kumfa mai ruwan zuma, maigida ya kurɓa ya gyaɗa kai. Daga wannan gyaɗa kan shagon nan ya samo asali.

Farin dutsen nan har gobe shi ne babban abin da ke kashe injuna a garin nan. Ruwan rijiya da na burtsatse a unguwanni da yawa yana barin gishirinsa a cikin bututu duk lokacin da aka dafa shi. Alamarsa, gahawa ta riƙa ɗiga a hankali, zafinta ya ragu, ƙarar injin ta canja. Ni shawarata a wanke cikinsa duk wata uku da ruwan wankin da aka yi domin haka, a kuma daina zuba masa ruwan tsamin girki na binega, yana cin robobin ciki kuma warinsa ba ya fita da wuri. A riƙa sa ruwan sha mai tsafta a tanki, a cire kafson da aka gama da shi nan take, kada ya kwana a ciki cikin wannan zafi ya yi funfuna.

Maganar wuta kuma, a kula. Injunan nan suna jan wat 1,200 zuwa 1,500 lokacin da suke dafa ruwa, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Kuma masu 'yan'uwa a Amurka, don Allah ku duba bayan inji kafin ku jona. Injin kafso na Keurig da ake aikowa daga can na bolt 120 ne, tamu wutar 230 ce. Idan ba a sa masa taransifoma mai rage wuta ba, wadda ƙarfinta ya kai wat 2,000, jonawar farko ita ce ta ƙarshe. Na karɓi irinsu sababbi fil a kwali, allon cikinsu ya ƙone ƙurmus. Wanda nasa ke aiki, ya sani Keurig ba ya matsa ruwa da ƙarfi kamar Nespresso, gahawarsa ta fi sirantaka, don haka ya zaɓi mafi ƙanƙantar kofi idan zai zuba a kan ƙanƙara. Masu Dolce Gusto kuma suna da ɓangaren ruwan sanyi a injinsu, amma an yi shi ne domin kafson da aka rubuta na sanyi ne. Kafson gahawa na yau da kullum da ruwan zafi za a zuba shi, a rage yawan ruwan, sannan a kai shi kan ƙanƙara.

Burina yanzu shi ne gahawar gida. Ana noman gahawa nau'in Arabika a tsaunin Mambila a jihar Taraba, kuma na samu mai kawo mini ita ɗanya. Ina soyawa kaɗan-kaɗan, in niƙa, in cika kafson ƙarfe da ake wankewa a sake amfani da shi. Aiki ne mai son haƙuri, domin idan niƙan ya yi laushi da yawa ruwa ba ya wucewa, idan ya yi tsaki-tsaki kuma sai ya wuce a guje bai ɗauko komai ba. Wadda na daidaita a bana tana da ɗan tsami mai daɗi da ke fitowa fili idan ta yi sanyi, kuma ba ta son madara da yawa.

Duk mai injin da ya daɗe ba a duba shi ba, ya kawo kafin zafi ya tsananta layi ya yi tsawo. Ku haɗo da kafso ɗaya daga cikin wanda kuke amfani da shi, da ɗan ruwan da kuke zuba wa tankin a gora, ina son in ga duka biyun kafin in kwance ƙusa ko ɗaya.