Ranar da muka tayar da injin Fijo 504 bayan haɗi

Motar Baba ce, Fijo 504 irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975. Da ta koma shan baƙin mai tana watso shuɗin hayaƙi ta salansa, sai muka sauke injin a garejin da nake aiki. Daɗin injin 504 shi ne ba sai an kai bulok an rarake ba, laina gare shi, wato bututun ƙarfe da fistan ke hawa da sauka a ciki. Ka zare tsofaffi, ka zura sababbi da fistan da ringi. Laina da metal (ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu) da gaskit da tafet (ƙarafan da kamshaf ke turawa su buɗe bawul) duk a kasuwar Ƙofar Ruwa muka haɗo su.

Da aka ɗora injin, yara suka matsu a murza makulli. Oga ya ce, "Kai, ku dakata, mai bai zaga ba tukuna." Ɗan man da aka shafa wa metal lokacin haɗi ba ya wuce 'yan daƙiƙu, famfon mai kuwa iska ce cike da shi. Don haka muka kwance fulogai duka huɗu, muka cire wayar kwayil, na riƙa buga sitata kamar daƙiƙa 10 ina hutawa, har fitilar mai ta mutu a dashbod. Ba fulogi, ba matsi a kan kiranshaf, injin na juyawa sakayau yana jan mai. Wanda ya tsallake wannan matakin, shi ne zai dawo bayan wata biyu yana zagin mai sayar da kaya, wai metal ɗin jabu ne.

Sai tayimin, wato saita lokacin da kowane fulogi zai ba da wuta. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, amma a Fijo silinda ta ɗaya tana ɓangaren giyabos, ba ɓangaren fanka ba. Yaron da ya saba da Toyota yakan jera wayoyin dilko, mai raba wa fulogai wuta, a baibai. Bawul kuma mun saita shi injin na sanyi, tazarar na shiga milimita 0.10, ta na fita 0.25. Muka cika kafireta da fetur don ya kama nan take, domin yawan buga sitata ba tashi yana sa fetur ya wanke man da ke jikin laina.

Bugu na biyu ya kama. Ban bar shi ya sauka silo ba, wato aikin inji ba a taka totur ba, na riƙe totur tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti ɗaya har minti 20, ina ɗan ɗagawa ina saukewa. Sabon tafet da kamshaf suna buƙatar mai ya riƙa fantsamar musu sosai, a silo kuwa ba ya isa. Yaro ɗaya na kwance yana duban ɗiga, ɗaya idonsa a kan allurar zafi, Oga na bakin lagireto da murfi a buɗe yana ƙara ruwa yayin da iska ke fita. Hayaƙin da ya tashi daga jikin manifol bai dame mu ba, maiƙon hannu ne ke ƙonewa. Abin tsoro a 504 shi ne ruwa ya zurara ta gindin laina ya shiga baƙin mai, shi ya sa muna kashewa na zaro sandar gwaji. Mai garau, bai koma kalar shayi da madara ba.

Daga nan ne muka sha gardama da Baba. Ya ce, "A zamaninmu barinta ake yi a silo ta kwana tana aiki." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan karon hanya za mu hau." Har gobe garejoji da yawa haka suke yi, ni kuwa ban yarda da shi ba. Ringi ba ya zama sai matsin wuta ya danna shi jikin laina. In aka bar inji a silo sa'o'i, lainar ta yi santsi, ringin bai ci ba, sai sabon inji ya fara shan mai tun yana ɗanye.

Da la'asar muka hau titin Zariya. A giya ta uku nake taka totur daga kilomita 40 zuwa 70, in ɗage ƙafa injin ya ja kansa baya, in sake takawa. Da muka dawo na zubar da man da zafinsa, ga ɗan ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe a ciki, na canza filta. Na ce wa Baba kada ya yi mata lodi, kada kuma ya daɗe a gudu iri ɗaya. In ta cika kilomita 1,000 ya kawo ta mu sake ɗaure kusoshin top, wato kan inji, mu sake saita bawul.