Daren da Pico ta fitar da hoto

Alhamdulillah, daren jiya tsohuwar monitata ta nuna hoton da ya fito daga Raspberry Pi Pico, wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta, ta kan ƙaramin allon VGA (mahaɗar da ke kai hoto zuwa monita) da na zana da hannuna. Sati uku ina fama.

Inda na fi shan wuya shi ne launi. Ƙafafun Pico suna ba da bolt 3.3, alhali monita 0.7 kawai take so, don haka na jera rizista takwas, masu rage ƙarfin wuta: uku na ja, uku na kore, biyu na shuɗi, launi 256 ke nan. Guda ɗaya da dalma ba ta kama sosai ba ta mayar min da fari ruwan hoda, na kwana biyu ina laluben laifin a cikin lambobin manhaja.

Ma'adanar RP2040 kuwa, wato ƙwaƙwalwar Pico, 264 KB ce, hoto mai ɗigo 640 a faɗi da 480 a tsaye ba zai shiga ba. Na sauko 320 da 240, kuma wallahi ya wadatar.

Da layukan launi suka tsaya cak babu rawa, na daɗe zaune ina kallonsu, shayina har ya huce.