Keke a kan hanyar Pamir cikin hunturu

Hanyar Pamir, wadda sashe ce na babbar hanyar da ake kira M41, tana tashi daga garin Khorog na ƙasar Tajikistan, a bakin iyakar Afganistan, ta hau tsaunukan Pamir, ta gangara birnin Osh na Kirgistan, tafiyar kilomita 700 da ɗoriya. Tarayyar Sobiyet ce ta shimfiɗa ta a shekarun 1930. Da bazara masu yawon duniya a kan keke cika ta suke yi. Ni a watan Janairu na bi ta, lokacin da ba ka gamuwa da kowa sai direbobin tirela masu jigilar kaya daga Sin da makiyayan Kirgiz.

Mu da muka taso muna kuka da sanyin hunturu, ga hazo ga kaushi, mun ɗauka maganin sanyi shi ne jibga tufafi. A Pamir wanda ya jibga tufafi ya hau keke, shi ya jawo wa kansa. Hawan tudu yana sa zufa ko da ma'auni ya nuna digiri 20 ƙasa da sifili, kuma da zarar ka tsaya sai zufar ta daskare a jikinka. Saboda haka da safe nakan tashi da riga mai laushi ta ulu da wata mai tare iska, ina ɗan rawar ɗari, na bar feda ta ɗumama ni. Da na ji bayana ya fara naso sai na zuge zif, na rage ƙarfi. Auduga kuwa ba ta da wuri a nan, don idan ta jiƙe ba ta bushewa. Babbar rigar sanyi tana saman jaka inda hannu zai kai, kuma ita nake fara sawa duk inda na tsaya, tun kafin na sha ruwa.

Gangara ta fi hawa wuya, abin da ba wanda ke yarda da shi sai ya gani. A mashigar tsauni ta Koitezek, mai tsayin mita 4,200 da ɗoriya, na iso ƙololuwa jiki da ɗumi, sannan na shiga gangara ba feda, iska tana yankar fuska. Cikin ɗan lokaci yatsuna suka daina jin birki. Na sauka, na tura keken da ƙafa, ina cusa hannu a hammata har jini ya dawo, kuma dawowar tasa ta fi tafiyarsa zafi. Sau da yawa a wannan tafiya na tura keke a gangara, abin da yaran unguwa za su yi wa mutum dariya a kai.

Shi ma keken yana da nasa ciwon. Giris ɗin da ke cikin tayar baya yakan yi kauri, ka taka feda ta juya a banza, tayar ba ta motsa ba. Wayar birki idan ruwa ya shige ta sai ta ƙame. Gam ɗin faci ba ya kamawa a fili, gara ka riƙe tif na canji ka bar facin sai ka shiga ɗaki. Kuma kada ka taɓa sifana da hannu tsirara. Na ɗauki risho mai aiki da fetur saboda gas na gwangwani ba ya tashi sosai a irin wannan sanyi. Waya da batiri da gorar ruwa, duk tare muke kwana a cikin jakar barci.

Daga Alichur zuwa Murghab wajen kilomita 100 ne na fili fetal, a sama da mita 3,500. Dusar ƙanƙara ba ta da yawa a wurin, domin hamada ce a bisa tsauni, iska tana share ɗan abin da ya zubo. Ruwa ne matsala. Rafuka sun daskare, sai ka fasa ƙanƙara ka narkar, kuma tukunya guda tana cin fetur da lokaci. A wannan tsayi ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 90 ba, shinkafa sai ta yi ta zaɓaɓɓaka ba ta nuna ba, don haka na koma taliya da man shanu. Alwala kuwa, a ranakun da nake fili taimama na riƙa yi, ruwan da na narkar na bar wa ciki.

Iskar da ake shaƙa a mita 4,000 ba ta wuce kashi 60 da ɗan wani abu cikin ɗari na wadda ake samu a bakin teku ba. Na bi ƙa'idar masu hawan tsauni, wato kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Duk da haka barci yankewa yake, ka farka kana haki kamar an biyo ka. Ciwon kai mai tsanani da amai ko tangaɗi, maganinsu sauka ƙasa, ba jarumta ba.

Tanti na kafa shi ne kawai inda ba gida. A lissafina na kowace safiya, tambayar ita ce ina hayaƙi na gaba yake, kuma zan kai kafin rana ta faɗi? Yinin Janairu a can bai cika awa goma ba, kuma da inuwar dutse ta rufe hanya sanyi ke faɗowa lokaci guda. Wata rana da la'asar sakaliya na ƙwanƙwasa wani gida na makiyaya. Dattijon bai tambaye ni komai ba, ya amsa sallama, ya kama keken ya jingine. Ɗaki ɗaya suke ɗumamawa, da murhun ƙarfe da ake hurawa da busasshen kashin yak, shanunsu masu dogon gashi. Matarsa ta miƙo shayi da madara da gishiri da man shanu, aka marmasa gurasa a ciki. Takalmana aka jera gefen murhu, ƙanƙarar jikinsu tana narkewa tana bin daɓe. Da safe na ba da kuɗi, domin makamashin da aka ƙona saboda ni sun sha wuya kafin su tara shi, kuma baƙon da ya mayar da karamcin talaka hanyar rage kashe kuɗi bai kyauta ba.

A Murghab, inda kasuwa take cikin kwantenoni, na sayi fetur da busasshen abinci, na jira iska ta lafa. Gaba akwai Ak-Baital, mita 4,655, mashiga mafi tsayi a hanyar, sannan tafkin Karakul wanda duk da gishirinsa yake daskarewa. Tsakanin Murghab da ƙauyen Karakul kusan kilomita 130 ne, gidaje kuma sai nan da can, shi ya sa sai da na tambayi direbobi halin hanya kafin na tashi. Mai niyya ya nemi izinin shiga Badakhshan, yankin Tajikistan da hanyar ta ratsa, tare da bizarsa, ya kuma bincika halin iyakar Kyzyl-Art, da ke tsakanin Tajikistan da Kirgistan, tun daga gida, don an rufe ta a 2021 bayan rikici tsakanin ƙasashen biyu, kuma an daɗe kafin a buɗe.