Kada ka sayi fim ba kwali a garin nan

Har yanzu in na tuna maganar dattijon nan da ya sayar min da fim ɗin kyamara sai raina ya sosu. Na ce masa, "Baba, ina kwalayensu?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, kwali kake so ko hoto? Fim ai ba ya mutuwa." Ya zaro su daga wata durowa can ƙuryar shago, kowanne cikin 'yar baƙar robarsa, ya goge musu ƙura da gefen riga ya miƙo min. Shagon rufin kwano ne, a wani lungu na kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko tsayuwar minti biyar ka yi sai gumi ya jiƙa maka baya. A nan fim ɗin ya kwana ya tashi shekara da shekaru.

Kyamarar ba ta da laifi. Olympus mju-II ce ta mahaifinmu, tsarabar aikin Hajji, irin wadda kamfanin ya fitar a 1997. Ka zuge murfin gaba, idonta ya leƙo, ka saita ka danna. Ta daɗe a akwatin Hajiya cikin turaren wuta da tsofaffin takardu, amma ina saka mata batirin CR123A ta yi 'yar ƙara ta farka. Batirin ba a kowane shago ake samunsa ba, in ka samu sayi biyu.

Da fim ɗin Baba mai shago na je marinar Ƙofar Mata, wadda allon bakinta ya ce tun 1498 ake rini a wurin. Wani dattijo ya bar ni na durƙusa a bakin karofinsa yana tsoma yadi yana ɗagowa. Wanda bai taɓa gani ba zai sha mamaki: yadin kan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe a gabanka ya koma shuɗi. Hannun mutumin har gwiwar hannu baba ya kama shi. Wannan rikiɗar nake son kamawa. Da fim ɗin Baba kuma na ɗauki bikin ƙanwata. Akwai mai hoton da aka ɗauko don kamu da yini, amma shi bai shiga tsakar gida da sassafe ba, lokacin da gwaggonninmu ke kan tukwane, ana kankare wa amarya lalle, Hajiya na zaune gefe ta yi shiru. Ni kaɗai nake wurin da abin ɗaukar hoto a hannu. Ƙanwata ma sai da ta ce, "Yaya, ka ɗauka da waya mana." Na ce ta bari ta ga abin mamaki.

Wanki ma sai da na sha yawo. Duk ɗakin hoton da na shiga, amsa ɗaya ce: sun daɗe da ajiye injin wanke fim, sai dai in tura musu daga waya su buga min. A ƙarshe wani mai wanki a Legas na samu, na ba direba saƙo a tasha, na biya kuɗin mota da na wanki da na mayar da hotunan cikin kwamfuta.

Ranar da ya turo su ina zaune a ƙofar gida. Na buɗe na farko, na biyu, na goma. Duka kamar ta cikin zoɓon da aka surka kake kallon duniya. Shuɗin Ƙofar Mata ya koma wani ja-ja mai datti. Hotunan tsakar gida, da yake inuwa ce, su suka fi mutuwa: fuska ba fuska ba, sai burbuɗi, da kyar za ka gane wannan Gwaggo ce ta wurin ɗaurin ɗankwalinta. Hoton Hajiya a gefe, wanda na fi sa wa rai, inuwar mutum ce kawai a jikin bango.

Na kira mutumin Legas da faɗa, ina zaton ruwan wankinsa ne ya tsufa. Bai yi fushi ba. Ya ce in jira negatif, wato fim ɗin da aka wanke, ya iso, in ɗaga shi a taga, in dubi gefen da ke da ƙananan hujoji, inda haske bai taɓa ba. A fim mai lafiya wurin garau yake, launin ruwan goro mai haske, kana iya karanta rubutu ta cikinsa. Nawa ya yi duhu daga farko har ƙarshe, bai ɗaya. Da haske ne ya shiga ta murfin baya, da sai dai a ga jan zane nan da can a hotunan. Duhu bai ɗaya har gefe, tsufa ne da zafi.

Sai a lokacin na fahimci abin da kwalin yake yi. Ranar ƙarewar fim a jikin kwalin takarda ake buga ta, ba a jikin gwangwanin ba, ba a jikin robar ba. Wanda ya raba ka da kwali ya raba ka da hanyar sanin shekarun abin da ka saya. Fim mai launi hawa-hawa ne na sinadari, wani na kama shuɗi, wani kore, wani ja, kuma ba tare suke tsufa ba, shi ya sa launi ke karkata gefe guda. Ƙarfin kama haskensa ma raguwa yake yi. Zafi na hanzarta duk wannan, mai lamba 400 kuma, wato lambar ƙarfin kama haske, ya fi mai 100 saurin lalacewa, nawa kuwa 400 ne. Kamfanin Kodak na cewa a ajiye fim ɗinsa irin Gold a digiri 21 ko ƙasa. Ruwan da ake wanke fim mai launi, tsarin C-41 da ake amfani da shi tun 1972, a digiri 37.8 yake aiki. To Kano a watan Afrilu ko a inuwa takan kai 40, balle ƙarƙashin kwano da tsakar rana. Lissafa bazara nawa ta wuce ta kan durowar Baba.

Abin da ya ƙara min takaici, sauƙin kyamarar shi ya ɗaure min hannu. Masu manyan kyamarori in suka samu tsohon fim sukan ƙara masa haske, kusan ninki ɗaya kan kowace shekara goma. Irin tawa ba ta da wurin da za ka gaya mata haka. A jikin gwangwanin fim akwai wasu ƙananan murabba'ai, baƙi da azurfa, lambar DX da Kodak ya shigo da ita a 1983. Ita kyamara ke karantawa. Ta ga 400, ta ba shi hasken sabon 400, alhali tsohon nan ko rabin ƙarfin ba shi da shi.

Na koma shagon da negatif a hannu. Baba ya ɗaga shi sama ya juya, ya ce, "Ɗana, kyamararka ce ta tsufa, ka yi haƙuri." Girman furfurarsa ya sa na fito ban ce komai ba. Har yau ban yarda bai san shekarun kayansa ba.

Don in tabbatar wa kaina, na sa aka kawo min sabon Kodak Gold 200 cikin kwalinsa, da kwanan wata a jiki. Ya yi tsada, har na tsaya ina jinjinawa, ga shi hoto 36 ne kacal. Na koma Ƙofar Mata da hantsi da kyamarar nan da aka ce ta tsufa. Wallahi da hotunan suka dawo sai da na miƙe tsaye. Ga koren, ga shuɗin yana hawa, ga ruwan baba na ɗiga daga gefen yadi, ga ƙyallin turkuɗi a wurin masu bugu. Na kai wa dattijon marina nasa a buge, ya daɗe yana kallon hannunsa a ciki. Marina tana nan, ana iya komawa. Safiyar bikin ƙanwata ce ba a maimaitawa.

Yanzu ba na karɓar fim sai na juya kwalin na karanta, kuma sai na tambayi inda aka ajiye shi. Da wutar da muke samu firji ba abin dogaro ba ne, yau sanyi gobe gumi, danshi kuma wata cutar ce. Nakan rufe shi a roba mai murfi in sa a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kuma ba na tara da yawa. Ba na barin kyamara a mota ko a aljihun gaba in zan daɗe a rana. Fim ya ƙare, a makon yake tafiya wanki, don wanda aka riga aka ɗauka ma zafi na cinsa. Lokacin hunturu ba na buɗe bayanta a waje, ƙwayar ƙura ɗaya na iya ja wa fim layi daga farko zuwa ƙarshe. Filasha kuma, wannan kyamarar kan mayar da ita duk lokacin da ka rufe murfi ka buɗe, sai ka riƙa kashewa, musamman a gaban dattawa ko kusa da masallaci.

Ragowar fim ɗin Baba ban zubar ba. Na liƙe lambar DX ɗinsa da baƙin salatif, don irin wannan kyamarar in ba ta ga lamba ba 100 take ɗauka, wato haske ninki huɗu ke nan ga mai 400. Na gwada a kan Dutsen Dala da rana tsaka, inda ba abin da zan yi asara. Gidaje sun fito, hasumiyoyin masallatai sun fito, burbuɗin ya ragu sosai. Launin ne bai dawo ba, sararin sama har yanzu ja-ja yake.