Durowar da Ba Na Son Buɗewa

Ƙannena masu sha'awar harhaɗa ƙananan na'urori, ina da wata durowa da ba na son buɗewa. Cike take da allunan lantarki da na yi oda biyar-biyar alhali ɗaya nake buƙata, da ƴan fitilu da na'urorin auna zafi waɗanda ko sau ɗaya ban jona su da wuta ba. Araha ce ta ja ni. Ban taɓa tunanin cewa tagullar da ke jikinsu sai da aka haƙo ta, aka narka, aka tsallako teku da ita, don kawai ta zo ta kwanta a durowa ba.

Amma kuskuren da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ruwan ferik kulorayid, wanda ake tsoma allo a ciki ya cinye tagullar da ba a so. In na gama, sai in tuttular a magudana, ina cewa ai bai wuce kofi ɗaya ba. Ashe tagullar ba ɓacewa take yi ba, narkewa take a cikin ruwan, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya kashe kifi. Na daɗe ina yin haka kafin in sani. Ku tara shi a jarka mai murfi, ku rubuta sunansa a jiki, ku kai inda ake karɓar shara mai guba.

Sai batir. Na taɓa manne batirin litiyam da gam a cikin wani agogo da na haɗa. Da ya kumbura, ciro shi ya gagara, na jefa agogon gaba ɗaya a shara. Irin wannan batirin in aka matse shi yana iya kamawa da wuta, kuma leburan shara ne zai fara ƙonawa. Ku ɗaure akwati da sukurori, batir ya zama ana iya cire shi da hannu.

Dalma ma haka. Tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita ta a kayan lantarki, amma mu muna maƙale da ita saboda haɗinta na liƙi yana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Celsius, marar dalma kuwa sai wajen 217. Wahalar komawa ga marar dalma ta ƴan kwanaki ce, hannu zai saba. Illar dalma ga ƙwaƙwalwar yaro kuwa ba ta gyaruwa.

Wani zai ce, me ɗan allona zai ƙara? A 2022 duniya ta zubar da tarkacen lantarki tan miliyan 62, abin da aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai rubu'i ba, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Yanzu ba na yin oda sai na gama zane na gwada shi a allon gwaji, na kuma laluba durowar nan tukuna. Fitilar karatun da na haɗa kwanan nan, makunninta daga mataccen rediyo na ciro shi.